Ɗaga ƙafafun mota don hanyoyin Kudancin Kano: Amfaninsa da haɗarin da ke tattare da shi

Wanda ya bar babban titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ya nufi Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har zuwa Doguwa, a kan kwalta zai yi tafiyarsa. Wahalar tana farawa ne daga inda ya sauka daga kwaltar ya doshi ƙauyukan da masara da dawa da shinkafa suke. A can hanyar burji ce ko ta jar ƙasa, wadda manyan motocin ɗaukar hatsi suka yi wa kwari biyu, suka bar tudu a tsakiya.

Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, wannan tudu na tsakiya shi ke cin cikin ƙananan motoci. Salansa ta yage, kwanon man inji ya fashe, wani lokaci tankin mai ya lotse. Shi ya sa ɗan kasuwar da ke sayo hatsi don kai wa Dawanau, da malamin makaranta ko ma'aikacin lafiyar da aka tura Kiru ko Bebeji ko Riruwai, kusan shawara ɗaya ake ba su a gareji: a ɗaga motar.

Shawarar tana da hujja. Amma aikin ya fi yadda ake ɗaukarsa zurfi, kuma mai motar da bai san abin da ake taɓawa ba, yana iya fita da motar da ta daina gogar ƙasa a ƙauye, ta koma mai saurin kifewa a kan kwalta.

Me ya sa yankin ke wahalar da mota?

Ƙananan hukumomin huɗu ba iri ɗaya suke ba. Kiru da Bebeji shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai fadamu, kuma a Bebeji ne Madatsar Ruwa ta Tiga take, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Abin da ke tsayar da mota a nan shi ne laka da yashin rafi. Daga Tudun Wada zuwa kudu kuwa ƙasa tana fara tashi, har a kai duwatsun Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Nan duwatsu ne da gangara da zaizayar ƙasa, kuma ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa. Motar da za ta yi aiki a yankin sai ta haɗu da waɗannan duka, sannan ta dawo ta hau titi mai kyau inda ake gudu.

Wannan dawowa kan titi ita ce abin da ake yawan mantawa da shi. A tafiyar da ta tashi daga Kano, hanyar ƙauyen ita ce ƙaramin kaso. Mafi yawan kilomitocin a kan kwalta ake cinye su, a tsakiyar tireloli da motocin haya.

Yadda ake ɗaga motar

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota ya ƙunshi sifirin, wanda ke ɗauke da nauyi, da shokazoba, wadda ke hana motar ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami, da kuma sandunan ƙarfe da bushin-bushin da ke riƙe taya a mazauninta. Sifirin iri biyu aka fi gani: mai murɗe kamar na Golf da RAV4 da Suzuki Jimny, da mai falle-falle kamar na bayan Hilux da ƙananan motocin ɗaukar kaya irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry.

Hanya mafi araha ita ce a sanya zoben roba mai tauri ko na ƙarfe a saman sifirin mai murɗe, motar ta tashi da inci ɗaya ko biyu. Wanda ke da hali yakan sayi saiti guda da aka ƙera wa samfurin motarsa, wato dogon sifirin tare da doguwar shokazobar da ta dace da shi. A motoci masu sifirin falle kuma, ƙara falle ɗaya ko biyu ake yi, ko a tsawaita ƙarfen da ke rataye da sifirin a baya. Akwai kuma ɗaga bodi kaɗai daga kan shasi, wanda ba ya yiwuwa sai a motar da bodinta daban shasinta daban, kamar Jimny da Hilux. Golf da RAV4 ba sa cikin wannan, domin bodinsu shi ne shasinsu.

Sai kuma abin da ake gani a wasu wurare, wanda bai cancanci a kira shi gyara ba: a ɗauko sifirin wata babbar mota a yanke a cusa, ko a gasa sifirin da wutar walda a miƙe shi, ko a cusa yankakkiyar tsohuwar taya a tsakanin murɗinsa. Ƙarfen sifirin a masana'anta ake ba shi taurinsa ta hanyar zafi da sanyaya shi bisa ƙa'ida. Da zarar wutar walda ta taɓa shi ya rasa wannan tauri, kuma ba ya yin sallama ranar da zai karye.

Abin da ɗagawa ba ta ɗagawa

A nan ne mutane da yawa ke kashe kuɗi a kan abin da bai magance musu matsala ba. A mota irin Jimny, da bayan Hilux da Hijet, tayoyi biyu suna haɗe ne da sandar ƙarfe guda mai kumburi a tsakiya, inda haƙoran da ke raba ƙarfin inji zuwa tayoyin suke. Wannan kumburi yana daga cikin wuraren da suka fi kusa da ƙasa a duk motar. Sifirin a samansa yake zaune. Ko an ɗaga motar da inci huɗu, bodi ne da inji da tanki za su tashi, shi kumburin yana nan inda yake, kuma shi ne zai fara dukan tudun tsakiyar hanya.

Abu ɗaya ne ke ɗaga shi daga ƙasa: babbar taya. Ga misali, Jimny samfurin 2018 tana fitowa da taya mai lamba 195/80 R15, wadda tsayinta ya kai kimanin santimita 69, kuma tazarar cikin motar da ƙasa santimita 21 ce. Idan aka sanya mata 235/75 R15, mai tsayin kimanin santimita 73, abin da za a samu a ƙarƙashin motar santimita biyu ne kacal, domin rabin ƙarin tsayin ne ke ƙasa da tsakiyar taya. Asalin amfanin ɗaga sifirin a irin wannan mota shi ne samar wa babbar tayar wurin juyawa ba tare da ta goge bodi ba, da kuma hana gaba da bayan motar tokare ƙasa a bakin rafi.

Babbar taya kuma tana da nata kuɗin shiga. Wadda ke cikin misalin nan ta fi ta asali da kusan kashi shida cikin ɗari, don haka idan agogon gudu ya nuna 100, motar tana kusa da 106 ne. Inji yana ƙara wahala wajen tashi da hawan tudu, birki yana buƙatar ƙarin tazara kafin ya tsayar da motar, kuma shan mai yana ƙaruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi na ƙarshe ya daina zama ƙaramin abu ga mai zuwa Doguwa duk mako.

A motoci kamar Golf da RAV4, inda kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai, ɗaga sifirin yana ɗaga cikin motar da gaske. Sai dai su kuma a wani wurin ake biya. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba an tsara shi ya yi aiki kusan a miƙe. Idan mota ta tashi, sai ya karkace, robar da ke rufe gaɓarsa ta yi ta miƙewa har ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Ƙarar "kat-kat" da ake ji yayin karya kwana alamar gaɓar ta ci ke nan.

Batun kifewa

Wannan shi ne babban al'amarin. Kowace mota tana da wurin da nauyinta ya tattaru, kuma gwargwadon nisan wannan wuri daga ƙasa, gwargwadon sauƙin kifewarta. Injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi a kai, wanda hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ta fara amfani da shi wajen ba motoci maki a 2001: a ɗauki faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin. Idan adadin da ya fito ya yi girma, motar tana da wuyar kifewa.

A ɗauki ƙaramar mota mai faɗin santimita 140, cibiyar nauyinta na santimita 65 daga ƙasa. Lissafinta 1.08. A ɗaga ta har cibiyar ta kai 70, ya sauko 1.00. A ɗora buhuna a kan rufinta cibiyar ta kai 75, ya koma 0.93. Faɗinta bai ƙaru ko da ɗan yatsa ba. Ƙananan motocin gida masu zama kusa da ƙasa galibi suna sama da 1.3, shi ya sa idan direba ya karkatar da sitiyari da ƙarfi sukan zame maimakon su tashi. Doguwar mota siririya kuwa takan ɗaga tayoyi biyu.

Ba sabon zance ba ne a tarihin irin waɗannan motoci. Suzuki ya fara ƙera Jimny a 1970, ya shigar da wani samfurinta kasuwar Amurka da sunan Samurai a 1985, ta kuma samu karɓuwa sosai. A 1988 mujallar Consumer Reports ta bayyana cewa motar tana saurin ɗaga ƙafa a gwajin kauce wa abu a kan hanya, cinikinta ya faɗi warwas. Kamfanin ya musanta, ya kai ƙara a 1996, ba a rufe shari'ar ba sai a 2004 ta hanyar sulhu. Duk wannan ce-ce-ku-ce a kan mota ce kamar yadda ta fito daga masana'anta, ba wadda aka ƙara wa tsayi a gareji ba.

A zahiri, mafi yawan kifewa ba a tsakiyar titi mai santsi take faruwa ba. Taya ce ke sauka gefen kwalta ta nutse a ƙasa mai laushi, ko ta bugi bakin rami a karkace, sai motar ta yi tuntuɓe. Wanda ya san hanyar Falgore, da shanun da ke tsallakawa, da masu baburan da ke fitowa daga lungu ranar kasuwa, ya san cewa kauce wa abu ba zato ba tsammani ba baƙon abu ba ne a can.

Abubuwan da ke biyo bayan ɗagawa

Ƙafar mota a haɗe take, ba a taɓa ɗaya a bar saura. Idan aka tsawaita sifirin aka bar tsohuwar shokazoba, za ta riƙa miƙewa har ƙarshenta duk lokacin da taya ta faɗa rami, a ji bugu, daga baya ta fara yoyo ko mazauninta ya tsage. Tiyon roba da ke kai man birki ga taya shi ma iya tsawonsa ke nan. Idan ƙafa ta sauka fiye da yadda aka tsara, shi ne zai zama igiyar da ke riƙe da ita, kuma ranar da ya tsinke birki ya tafi.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ba kowane makanike ke kula da shi ba. Yawancin tsofaffin motocin ɗaukar kaya, da wasu ƙananan motocin da ba su da ABS, suna da wani bawul a baya da ke auna nauyin kaya ta hanyar tazarar bodi da ƙafa. Idan mota ta zauna saboda kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan ta tashi, ya rage. To, motar da aka ɗaga ba a sake saita wannan bawul ba, kullum gani yake babu kaya a cikinta, ko da kuwa an cika ta da masara. Birkin gaba ne kaɗai zai riƙa shan aikin, a kan gangarar Riruwai kuwa wannan ba abin wasa ba ne.

Sitiyari ma yana canzawa. An ɗan kishingiɗar da mazaunin tayoyin gaba zuwa baya, kamar yadda ƙafar gaban keke take, don mota ta riƙa miƙewa da kanta bayan kwana. Ɗaga mota irin Jimny yana rage wannan kishingiɗa, sai ta fara yawo a kan titi, direba yana ta gyara hannu. Idan aka haɗa da tsofaffin bushin da tayar da ba a daidaita nauyinta ba, sitiyari yana iya kama kakkarwa mai tsanani bayan an taka rami da gudu, wadda ba ta tsayawa sai an rage gudun sosai. Sandar da ke hana ƙafa gocewa gefe ita ma takan janye tayoyin zuwa ɓangare ɗaya, farfela kuma ta karkace ta fara girgiza motar. Duk waɗannan suna da magani, kuma saitin kirki yana zuwa da kayan gyaransu. Zoben roba na araha ba ya zuwa da komai.

Fitilun gaba su ne na ƙarshe da ake tunawa. Motar da aka ɗaga gabanta tana haska idon mai tahowa, wadda aka ɗaga bayanta kawai kuma tana haska ƙasa kusa da ita.

Tsayi daban, ɗaukar kaya daban

Ga 'yan kasuwa da yawa, ba ramuka ne ke kai su gareji ba, kaya ne. Ana ƙara falle a sifirin don motar ta daina zama idan an loda ta. Ta kuwa daina zama, amma abin da ya canza shi ne kamanninta kawai. Hijet da Carry an ƙera su ne bisa dokar ƙananan motoci ta Japan, wadda ta taƙaita injinsu a cc 660, kayansu kuma a kilo 350. Da buhun masara mai kilo 100, buhu uku da rabi ke nan. Kowa ya san abin da ake ɗora musu ranar kasuwa ya ninka haka.

Ƙarin falle bai ƙara wa birki girma ba, bai ƙara wa boris ɗin taya ƙarfi ba, bai kuma canza iyakar nauyin da aka rubuta a jikin tayar ba. Zaman da mota ke yi gargaɗi ne cewa kaya sun yi yawa, kuma abin da aka yi shi ne toshe bakin mai gargaɗin. Garin neman ƙiba akan samo rama: ribar ƙarin buhu biyar ba ta sayen taya biyu da kan ƙafa, balle a yi zancen rai.

Doka da inshora

A Jamus ba a hawa titi da motar da aka canza wa ƙafa sai an tantance aikin an shigar da shi takardunta, ko kayan sun zo da shaidar amincewa. A Ostireliya, inda ɗaga motocin daji ya zama ruwan dare, milimita 50, wato inci biyu, ita ce iyakar da aka saba bari a ƙara wa sifirin ba tare da sa hannun injiniya ba. Wannan adadi yana da ma'ana: a mafi yawan ƙananan motoci, har zuwa inci biyu gyare-gyaren da ke biyo baya kaɗan ne, daga nan kuma kusan kowane ɓangare na ƙafa sai an taɓa shi.

A Najeriya, jami'an VIO ne ke da alhakin tabbatar da lafiyar mota, yayin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, da kuma KAROTA a Jihar Kano, ke kama masu lodin da ya wuce kima da masu lalatattun tayoyi. Inshorar dole ta ƙaramar mota, wadda ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a watan Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta biyan motar mai ita. Wanda ke da cikakkiyar inshora kuma, ya kamata ya sanar da kamfaninsa a rubuce kafin a taɓa ƙafar motar, domin canjin da ba a bayyana ba yana iya zama hujjar ƙin biya. Ma'aikacin da ke riƙe da motar ofis ko ta wani shiri na gwamnati, kada ya yi wannan aiki sai da izinin hukumarsa.

Kafin a kai ga ɗagawa

Yawancin motocin da ke yawo a yankin tsofaffi ne da suka yi shekaru a waje kafin su shigo ƙasar nan, sifirinsu ya gaji ya zauna. Sau da yawa sanya sabon sifirin na asali da sabuwar shokazoba kaɗai yana dawo da inci guda da ya ɓace, ba tare da an canza tsarin motar ba. Farantin ƙarfe mai kauri da aka ɗaure da noti a ƙarƙashin inji yana kare kwanon mai daga dutse, kuma nauyinsa a ƙasa yake. Taya mai manyan haƙora, mai girma ɗaya da ta asali, ta fi tsayi amfani a cikin laka. A Kasuwar Ƙofar Ruwa ko wani wuri, mai saye ya duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. FRSC tana ɗaukar tayar da ta shekara huɗu da ƙerawa a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare.

Game da rafi kuwa, inci biyu ba sa mai da mota kwale-kwale. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuma yana tafiya da manya. Idan ruwan ya shiga ta bututun iskar inji, injin ya tashi aiki nan take. Direbobin yankin da suka daɗe a hanya zama suke yi a bakin rafi su jira ya janye.

Wanda ya auna duk wannan ya ga lallai sai ya ɗaga, to ya tsaya a inci biyu, ya ɗaga gaba da baya daidai, ya nemi saitin da aka yi wa samfurin motarsa. Ya tsaya a wurin ya ga an dafe motar da mataimakan ƙarfe kafin wani ya shiga ƙarƙashinta, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, kuma a matse sifirin mai murɗe da na'urar matse shi, ba da igiya ko waya ba. Bayan an ɗaura, a ɗaga motar tayoyi su rataya, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a ga ko tiyon birki yana da sauran sassauci. Notinan bushin ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage cikin 'yan makonni. Daga nan sai wurin alaimen, sai saita fitila da bawul ɗin birkin baya.

Tafiyar farko a yi ta ba kaya, a hankali, direba ya koyi yadda motar ke kwanciya a kwana da inda birkinta ke kamawa yanzu. Idan an je Doguwa an dawo sau ɗaya ko biyu, a koma gareji a bi notinan ƙafa ɗaya bayan ɗaya da sifana, domin sabon sifirin yana ɗan zama, notin da aka ɗaure tam kuma yakan saki.